Ina zuba wa mijina maganin hawan jini a koko, shi kuma ƙahonsa yake yabo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara. Admin a ɓoye sunana da lambata, mutanen garinmu ko tarin mutum suka ji sai sun gane shi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon maganar, ni tsohuwa ce na haura tamanin, ajin yaƙi da jahilci na yi, da yatsa ɗaya nake latsa wayar nan, in kun ga kuskure ku tsallake shi.

Maganar a kan mijina ce. Wanzami ne, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Ƙofa da Kusada. Zan riƙa ce masa Sarkin Aska, ba don wani ya naɗa shi ba, shi ya naɗa kansa tun gashinsa yana baƙi, har yau kuwa ban ga rawanin ba. Amma in ban faro daga mahaifina ba, ba za ku gane inda taurin kan mutumin nan ya samo asali ba.

A zamanin Turawa ne, lokacin En'e, ina 'yar budurwa. Mahaifina shi ne wanzami na gaske a yankinmu, wannan nawa kuwa yaronsa ne, shi ke ɗaukar masa zabira, jakar kayan aski, yana wasa masa aska. Wata safiya aka kira Baba askin suna, ya riƙe kan jariri ya fara, sai askar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi a tabarma. Ya so ya ɗauka hannun ya ƙi, ya so ya yi magana bakin ya karkace gefe guda, abin da ke fitowa ba mai ganewa. Nan take kowa ya zama masani, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce ai an gan shi ya ratsa gindin tsamiya da tsakar rana. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi har ɗakin ya koma kamar madafa. Yaron nasa ya zaro ƙaho ya tsaga masa ƙeya ya kafa, jini baƙi ya fito guda-guda, ya zuba a sakaina yana zagayawa da shi yana nuna wa mutane, wai ga ciwon nan ya fitar. Baba dai yana kwance yadda yake.

Da aka ga abin ya ƙi, aka ɗora shi a jaki, mutum biyu suna tallafe da shi, ni da Innata muna biye a ƙafa har disfensaren Kankia. Muka yi sa'a ko rashin sa'a, wani Bature likita ya zo rangadi. Ya ɗaura wa Baba wani ƙyalle a damtse, ya matsa 'yar roba, ya saurara, ya girgiza kai. Malamin disfensare mai gajeren wandon kaki shi ya yi tafinta, ya ce jinin Baba ya yi ƙarfi har ya ɓata wata jijiya a cikin kai, ba su da maganin da zai tashe shi, a rage masa gishiri da kanwa, a riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Suka ba mu kwalbar wani farin ruwa, ba abin da ya ƙara masa sai gudawa. Yaron Baba yana tsaye a wurin, duk jawabin nan kalma ɗaya ya tsinta ya sa a aljihu, ba su da magani. Yau fiye da shekara sittin yana fito da ita yana nuna wa mutane.

Baba ya yi shekaru a kwance. Ni da Innata muke juya shi, mu wanke kashi mu wanke fitsari, mu ba shi kunu da ludayi rabi na shiga rabi na bin gefen baki. Ƙugunsa ya yi gyambo duk da juyin, muna shafa man shanu muna korar ƙuda. Mutumin da hannunsa bai taɓa rawa a kan jariri ba, sai ga shi in ya ji an zo ƙofar gida neman wanzami hawaye ya kama zuba ta ido ɗaya. Shi kuwa yaron, duk farkon bazara zai shigo da ƙahonsa ya tsaga ya zuƙa, ya fita ya gaya wa gari cewa ba don shi ba da tuni an binne maigidansa. Ko sau ɗaya ban ga ya ɗauki kaskon fitsari ba. Kafin Baba ya rasu ya yi nuni a ba yaron zabira, daga baya aka ba shi ni. Ba dole aka yi min ba, gara in faɗi gaskiya, lokacin yana da kyau, dogo ne mai fararen haƙora, ni kuma ba wayo.

To yanzu ku dawo zamaninku. Shekara biyu da wani abu da suka wuce, Sarkin Aska yana alwala da safe buta ta faɗi daga hannunsa, na yi masa magana ya amsa da harshe mai nauyi. Na taɓa ganin wannan abin. Kafin hantsi abin ya sake shi, ya miƙe yana cewa barci ne bai ishe shi ba. Na kira autarmu, nas ce a Katsina, ta zo da mota ta kai shi asibiti da faɗa da lallashi. Likita ya ce wannan gargaɗi ne, babban yana hanya in ba a tare shi ba. Ya rubuta ƙwayoyi, na saukar da hawan jini, da ƙaramin asfirin da ke hana jini daskarewa, da na rage kitsen da ke toshe jijiya, ya ce kullum za a sha har ƙarshen rai. Auta ta ce a nan uban nata ya gyara zama ya tambayi likitan wa ya koya masa aiki, shin ba karatun Turawa ya yi ba. To shi da kunnensa ya ji Bature, mai abin, ya ce ba su da maganin wannan ciwo, ina ɗan baƙar fata da aka haifa jiya ya samo shi. Likitan ya yi ta bayani cewa wancan lokacin daban, tun daga nan an gano magunguna da yawa, mutumin naku ya ce maganin da ba ya ƙarewa ba magani ba ne, kasuwa ce. Wai shi ya fi likita sani, mutumin da ko lambar wayarsa bai riƙe ba.

Da suka dawo ya juye ƙwayoyin a masai, ina gani. Raina ya ɓaci, bakina ya suɓuce na ce ko a cikin tuwo ne sai ya sha. Wannan ita ce wautar da na yi. Ranar babban ɗanmu ya zo duba shi, yana zaune a gefe, sai uban ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ke, ki ji da kyau, ga ɗanki nan shi ne shaida. Duk randa kinka sa mani ƙwayar asibiti cikin abinci, to a bakin aurenki."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Kada wani ya shigo yana ce min soyayya ce, bayana na tausaya wa. Na yi jinyar mutum ɗaya da ƙuruciyata na san abin da ke ciki, ba ni da ƙashin da zan juya ƙaton tsoho yanzu, kuma na san in ya kwanta duk masu yi masa kirari ba wanda zan gani. Na sa Auta ta sake sayo maganin. Ta koma wurin likitan ta tambayi wanda ake iya dakawa, ya canja guda ɗaya, ya kuma nuna bai ji daɗi ba, wai haƙƙin marar lafiya ne ya san abin da yake sha. Na ce a gaishe shi, in ya san wata hanyar ya zo ya bi da kansa. Na ware ɗan turmin yaji, kullum da safe in daka in zuba a kokonsa, in cika citta da kanumfari da barkono yadda ɗacin ba zai fito ba. Na janye gishiri da kanwa daga miya a hankali. Abin da ya gane a ciki duka shi ne wai na tsufa na koyi rowa.

Jama'a, maganin ya karɓe shi. Ciwon kan ya tafi, jirin ya tafi, ya koma zuwa gona da ƙafarsa. In Auta ta zo da abin awonta shi ke fara miƙa hannu, don ya kunyata ta, ta auna ta ga jini daidai, ya ce to 'yar boko a rubuta a kai wa likita. Ita ta dube ni, ni in dubi ƙasa.

Abin da ya lalata komai shi ne ƙahon da ya sa aka yi masa. Ya kira wani tsohon almajirinsa na aski ya tsaga masa ƙeya, jinin ya fito ja wur, tsinkakke, ya daɗe bai tsaya ba. Asfirin ne, Auta ta riga ta gaya min haka zai yi, har ta ce in hana shi tsaga don akwai haɗari, kamar an taɓa hana shi wani abu ya hanu. Shi kuwa da ya ga jinin sai murna, ya ce shekara sittin yana kallon jinin mutane, mai ciwo nasa baƙi ne mai guda, wannan kuwa jinin saurayi ne, mataccen ya ƙare ƙaf. Ina tsaye a bayansa na danne wurin da tsumma hannuna har ya gaji, shi yana ta yi wa almajirin darasi a kan yadda ake gane lafiyayyen jini. Ban taɓa jin raina ya raina mutum irin na ranar ba.

Daga nan bakinsa ya buɗe. A majalisa shi ne, a wurin suna shi ne, ranar kasuwar Kankia ya shiga mota ya je ya zauna rumfar wanzamai ya ba da labarin yadda likita ya yanke masa kwana shi kuma ya warkar da kansa da ƙaho. Ya taka, ya juya, ya ɗaga hannu biyu sama a gani. Mutane suka fara zuwa daga Rimaye, daga Fakuwa, masu hawan jini da ledar maganinsu a aljihu. Hannunsa ya daina aikin kirki, almajirin ke tsagawa, shi nasa surutu ne da karɓar gaisuwa. Abin da yake gaya musu ɗaya ne, su zubar da ƙwayar, ita ke riƙe ciwon a jiki, su dube shi. In matansu sun shigo cikin gida shan ruwa nakan ja su gefe in ce kada su bari a daina maganin asibiti, a haɗa biyun in ya zama dole. Su ce to, amma ina ganin idonsu, wa zai saurari tsohuwa alhali ga mijinta can a waje yana tsalle.

Akwai maƙwabcinmu Ɗanladi, manomi, bai kai sa'ar ɗana ba ma. Ya yi shekaru yana shan maganinsa lafiya lau, ya ji huɗubar Sarkin Aska ya ajiye. Lokacin yankan gero ya faɗi a gona, aka kwaso shi ɓari ɗaya a mace. Na je dubiya, tun daga bakin ƙofa warin ɗakin ya tare ni, warin da na sani tun ina yarinya, matarsa ta rame ta yi baƙi tana ta ce min sannu da zuwa. Na dawo gida na kasa cin abinci, na ce wa mutumin nan ya ji tsoron Allah ya rufe bakinsa, ga abin da ya jawo. Ya ce Ɗanladi shi ya cuci kansa, an ce ya dawo a yi masa ƙaho na biyu bai dawo ba, kuma ƙwayar da ya daɗe yana sha ce ta riga ta cinye masa jijiya. Ya ce ni dama tun ina gidan ubana ba na son a yabe shi. Maganar ta zo min har maƙogwaro, in gaya masa abin da ke cikin kokon da ya sha da safen nan in ga yadda fuskarsa za ta yi. Na haɗiye, kuma Allah ya sani haƙƙin Ɗanladi yana damuna, don shirun da na yi yana ciki.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Babban ɗan nan nawa, wanda aka kafa shaida, ya haura sittin, malamin Islamiyya ne a Kankia. Shi ma yana da hawan jini, har an taɓa kwantar da shi a kan ciwon ƙirji, ya daɗe yana shan magani. Makon jiya matarsa ta zo ta same ni a ɗaki tana kuka, ta ce tun kafin salla ya daina sha, yanzu kullum da ciwon kai yake tashi, ƙeyarsa na riƙewa, in ya hau 'yar tudu sai ya tsaya ya dafe ƙirji. Ya ce mata jinin ne ya taru, ranar Asabar zai zo uban ya sa a zuƙe masa. Auta ta kira yayan nata sun yi ta yi a waya, ta kawo masa duk bayanin da ta sani, abin da ya ce mata kawai shi ne, "Ke dai yi ta karatunki. Baba shina nan shina tahiya gona da ƙahwarshi, ko ƙwaya guda bai sha ba, ni mi zan tsaya jira?" Ta kira ni tana huci, ta ce ita bakinta ya ƙare, gaskiyar tana hannuna, in na ga dama in fito da ita.

Masu cewa ai sai in kira ɗan nawa a ɓoye in gaya masa, ba ku san shi ba. Mutum ne da ba ya lanƙwasa a kan abin da ya shafi addini, shi ya sa ma uban ya zaɓe shi shaida. In ya ji, ba zai kwana da sanin cewa iyayensa suna zaune a kan auren da aka rataya wa sharaɗi kuma sharaɗin ya auku ba, a ranar zai je ya durƙusa gaban uban ya faɗa masa. Ni auren ba shi ne a gabana ba, malaman zauren nan kada ku cika ni da hukunci, na san da shi, zan tsaya gaban Allah in yi bayani. In an ce in fita, ɗakin Auta yana nan, in huta da damun koko. Amma na san Sarkin Aska, in ya gane shekara biyu yana yawo da lafiyar ƙwaya yana kiranta ta ƙaho, kuma gari ya ji, ko ruwa ba zai ƙara karɓa daga hannun ɗayanmu ba. Zai gwammace ya mutu da girmansa na ƙarya, kuma ba mutuwar zai yi nan da nan ba, kwanciya zai yi. Likita ya riga ya ce in aka yanke masa maganin jinin zai koma inda ya fito, wataƙila ya wuce.

Sannan akwai abin da 'yan yanzu za ku yi wa dariya. Yaron nan ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta sakewa da ɗan fari. Kakarsa ta yaye shi ita ta raine shi, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, ban taɓa kama sunansa a bakina ba, in ina son a kira shi sai in ce a kira min wancan. Tsakaninmu gaisuwa ce, ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. Jiya ya biyo ya gaishe ni, na saci kallonsa, idonsa ja, yana ta murza bayan wuyansa da hannu, da zai tashi sai da ya dafa ƙyaure. Na buɗe baki da niyyar in ce ya shigo ya zauna akwai magana, abin da ya fito shi ne a gaida mutan gida. Ya ce za su ji, ya sa takalmi ya tafi wurin uban, ina jin su a zaure suna shirya maganar Asabar, tsohon yana ce masa ya zo da sassafe kafin rana ta yi zafi.

In aunawa za a yi tsakanin uba da ɗa ba sai an tambaye ni ba, uban ya ci zamaninsa ya ci na wasu, kuma bakinsa ya riga ya kwantar da mutum ɗaya. Duk da haka yau da safe na daka na dama na miƙa masa, ya shanye ya side kofin ya ce sukari ya yi kaɗan. Ban san me ke hana ni dainawa ba, kuma ba na son ku gaya min.

Jibi ne Asabar. Don girman Allah ku gaya min, in fasa maganar kowa ya ji, tsohon ya yi abin da zai yi da ransa, ko akwai wata hanyar da zan mayar da yaron nan kan maganinsa ba tare da na tona kokon ba? Masu aikin asibiti a cikinku, mutum mai irin alamun da na lissafa zai iya jira har a yi dabara, ko lokacin ya riga ya ƙure? Ku amsa min da wuri, masu zagi ma ku zaga zan karanta. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ba na so ranar da zan fara kira ta zama ranar da ba zai iya amsawa ba.